Robert Hart: Baƙon Da Ya Riƙe Mabuɗin Kwastam Na Ƙasar Sin

A duk lokacin da aka ambaci kwastam a gaban ɗan kasuwa, abin da kan fara faɗo masa a rai shi ne jinkiri da tara da ƙwace kaya. Shi kuwa jami'in kwastam, da zarar an ambaci ɗan kasuwa, sai ya tuna da takardun bogi da ɓoye kaya da rage musu ƙima. Wannan zaman doya da manja ya daɗe, har wasu sun ɗauka haka Allah Ya halicci sana'o'in biyu. Amma tarihin wani Bature mai suna Robert Hart, wanda ya shugabanci hukumar kwastam ta bakin teku ta ƙasar Sin daga shekarar 1863 har zuwa mutuwarsa a 1911, ya nuna cewa ɗan kasuwa mai gaskiya shi ne babban abokin kwastam wajen tsare hanyoyin ciniki, matuƙar ya tabbata cewa doka ɗaya ce a kansa da abokin gogayyarsa. Tarihin nasa ya kuma nuna irin tsadar da ƙasa kan biya idan ta kasa samar da wannan amana da kanta, har sai da baƙo ya zo ya kafa mata.

Kafin mai karatu ya fahimci aikin Hart, wajibi ne ya san halin da ya tarar. Bayan da Birtaniya ta ci ƙasar Sin a yaƙin da aka yi kan cinikin ofiyam daga 1839 zuwa 1842, yarjejeniyar Nanjing ta tilasta wa daular Qing buɗe tashoshin ruwa biyar ga Turawa, wato Guangzhou da Xiamen da Fuzhou da Ningbo da Shanghai, aka kuma miƙa tsibirin Hong Kong. An tsayar da kuɗin fito a kan kimanin kashi 5 cikin ɗari na ƙimar kaya. A takarda komai ya tsaru, amma a bakin ruwa tsohuwar al'ada ce ke aiki. Mai riƙe da kwastam yakan aika wa fada wani adadi da aka yanka masa, abin da ya yi saura kuwa nasa ne da yaransa. Saboda haka kuɗin fito ya zama abin ciniki, kowane jirgi da yadda aka daidaita da mai shi. Ga kuma wata matsala: Bature ba ya gurfana gaban alƙalin ƙasar Sin, sai gaban ƙaramin jakadan ƙasarsa. Wanda ya fi shan wahala a wannan yanayi shi ne mai biyan haƙƙi cikakke, domin maƙwabcinsa da ya sayi sassauci zai karya masa farashi a kasuwa.

Abin ya kai maƙura a watan Satumba na 1853, lokacin da wata ƙungiyar asiri da ake kira Ƙananan Takubba ta kame birnin Shanghai. Aka wasashe gidan kwastam, babban jami'in gwamnati ya tsere. Ƙaramin jakadan Birtaniya, Rutherford Alcock, ya umarci 'yan kasuwarsa su riƙa ba da takardun alkawarin biya har hukuma ta dawo, amma suka yi ta ƙorafi cewa jiragen wasu ƙasashe na shiga suna fita ba su biya ko anini ba. A tsakiyar 1854 aka cimma matsaya da mahukuntan yankin cewa a naɗa sufetoci uku, ɗan Birtaniya da ɗan Faransa da ɗan Amurka, su riƙa ƙiyasta kuɗin fito da sunan gwamnatin Sin. Abin lura shi ne, manyan kamfanoni masu son zaman lafiya a kasuwa na cikin waɗanda suka amfana da tsarin, tunda ya raba su da gogayyar 'yan fasa-ƙwauri. Kuɗin shiga ya ƙaru, kuma ƙa'idojin ciniki da suka biyo bayan yarjejeniyar Tianjin ta 1858 suka shimfiɗa tsarin a dukkan tashoshin da aka buɗe.

A shekarar da aka fara wannan gwaji a Shanghai ne Robert Hart ya sauka a Hong Kong yana saurayi ɗan shekara 19. An haife shi ranar 20 ga Fabrairu, 1835, a garin Portadown da ke arewacin tsibirin Ailan, a gidan mabiya ɗariƙar Methodist masu tsananin riƙo da addini, shi ne kuma babba cikin 'ya'ya goma sha biyu. Ya kammala digiri a kwalejin Queen's da ke Belfast a 1853 da sakamako mai kyau, abin da ya sa aka ɗauke shi aikin koyon tafinta a ofisoshin jakadancin Birtaniya. Ya yi shekaru a Ningbo yana koyon harshen Sinanci da ladubban mu'amala da jami'an daula, sa'annan a 1858 aka mayar da shi Guangzhou, wadda a lokacin ke hannun sojojin Birtaniya da Faransa. A 1859 ya ajiye aikin gwamnatin ƙasarsa, ya karɓi muƙamin mataimakin kwamishinan kwastam a Guangzhou, ya koma cin albashin ƙasar Sin.

Shugaban hukumar na farko, Horatio Nelson Lay, mutum ne haziƙi amma mai girman kai. Da ya tafi hutun jinya a Ingila a 1861, Hart na ɗaya daga cikin mutum biyu da suka riƙe masa kujera. A wannan shekara ya je Beijing ya gana da Yarima Gong da babban waziri Wenxiang, jagororin sabon ofishin harkokin waje na daula, kuma suka yaba da tawali'unsa da sanin ƙididdigarsa. Shi kuwa Lay, da aka ba shi saƙon sayo wa ƙasar Sin jiragen yaƙi domin murƙushe tawayen Taiping, sai ya ƙulla yarjejeniya da kwamandan jiragen, Kyaftin Sherard Osborn, cewa ba zai karɓi umarnin Sarki ba sai ta hannun shi Lay. Fada ta ga cewa wannan raini ne, ta mayar da jiragen, ta sallami Lay a watan Nuwamba na 1863, ta naɗa Hart yana da shekara 28. Faɗuwar magabacinsa ta zame masa darasin da bai taɓa mantawa ba: baran gida, komai ƙwarewarsa, ba ya zama maigida.

Wata bakwai da hawansa, a watan Yuni na 1864, ya aika wa dukkan tashoshi wata takardar umarni wadda ta zama tushen aikin hukumar. A cikinta ya tunatar da ma'aikatansa Turawa cewa su barorin gwamnatin Sin ne masu cin albashinta, cewa jami'an Sin abokan aikinsu ne da ya wajaba su girmama, kuma ya kamata su koyi harshen ƙasar. Game da 'yan kasuwa kuwa, ya buƙaci a yi musu mu'amala da ladabi, a sauƙaƙa musu aiki gwargwadon abin da doka ta yarda, a guji jayayya a kan ƙananan abubuwa. Hujjarsa mai sauƙi ce. Baitulmali na cika ne idan ciniki ya bunƙasa, ciniki kuwa na bunƙasa ne idan mai kaya ya san abin da zai biya da lokacin da zai ɗauki kayansa tun kafin jirgi ya taso.

Hart ya san cewa wa'azi kaɗai ba ya hana cin hanci. Don haka ya tsara albashi mai tsoka, ya kuma tanadi ladan da ya kai albashin shekara guda ga manyan ma'aikata bayan kowace shekara bakwai ta aiki ba tare da tabo ba, ta yadda duk wanda ya karɓi na goro zai san girman abin da yake shirin asara. Ya haramta wa ma'aikata yin kasuwanci, ya riƙa sauya musu tasha a kai a kai domin kada su yi saiwa a wuri ɗaya, ya sa ana binciken littattafan kuɗi, wanda aka kama da rashin gaskiya kuwa kora ce. Ya ɗauki ma'aikata daga ƙasashe kusan ashirin, domin kada wata ƙasa ɗaya ta ce hukumar tata ce, kada kuma ɗan kasuwar wata ƙasa ya ce an zalunce shi saboda tutar jirginsa. Ci gaban mutum a aiki ya danganta da cin jarrabawar Sinanci. Shi kansa ya kasance abin misali, domin an san shi da yin aiki a tsaye a gaban dogon teburi, kuma sau biyu kacal ya je gida, a 1866 da 1878, cikin shekaru hamsin da huɗu da ya yi a ƙasar Sin.

Akwai wata hikima a tsarin da ta cancanci a tsaya a kanta. A zamanin Hart, ma'aikatansa ba sa taɓa kuɗi. Aikinsu shi ne duba kaya da ƙiyasta abin da za a biya da rubuta shi. Ɗan kasuwa sai ya ɗauki takardar ya kai bankin kwastam da ke ƙarƙashin jami'in gwamnatin Sin, ya biya a can, ya dawo da rasit kafin a saki kayansa. Ke nan mai ƙiyastawa daban, mai karɓa daban, kuma Beijing na samun lissafin kowace tasha daga hannun Hart, wanda da shi take auna abin da jami'anta suka ce sun tara. Ƙa'idar shigowar jirgi ma a fili take. Cikin awa 24 da isowa, kyaftin zai miƙa takardun jirgi da jerin kayansa ga ƙaramin jakada, shi kuma ya sanar da kwastam cikin wasu awa 24. Wanda ya ba da jerin ƙarya zai biya tarar tayil 500, tayil kuwa ma'aunin azurfa ne mai nauyin kimanin giram 38, amma an ba shi damar gyara kuskure cikin yini guda ba tare da tara ba. Wanda ya fara sauke kaya babu izini, tarar ke nan, haɗe da ƙwace kayan da ya sauke.

Inda haɗin kan ya fi fitowa fili shi ne wajen saɓani. Idan mai kaya da jami'i suka kasa daidaitawa kan ƙimar wata haja, yarjejeniyar Tianjin ta tanadi cewa kowane ɓangare ya kira 'yan kasuwa biyu ko uku su duba, farashi mafi tsada da ɗayansu ya yarda zai saya a kai shi ne za a ɗauka. Wato kasuwa da kanta ce ke zama shaida. A 1868 kuma aka shimfiɗa dokar binciken haɗin gwiwa a dukkan tashoshi: kafin a tabbatar da ƙwace kaya, jami'in Sin da ƙaramin jakada za su zauna tare a saurari mai kaya, idan sun saɓa a ɗaukaka maganar zuwa Beijing, mai kaya kuma yana iya ba da jingina ya ɗauki dukiyarsa kafin a yanke hukunci. Wanda ya biya fito sa'annan ya sake fitar da kayan waje yana samun takardar mayar masa da haƙƙinsa. Wanda ya ƙara biyan kashi biyu da rabi cikin ɗari yana samun takardar wucewa da za ta kare kayansa daga harajin shingaye na cikin ƙasa. A ƙarshen shekarun 1880 aka buɗe sito-sito na musamman a Shanghai, inda ake ajiye kaya a ƙarƙashin kulawar kwastam, ba a biya sai ranar da za a fitar da su kasuwa.

Hart bai taƙaita tsaron ciniki ga kama masu laifi ba, domin a ganinsa jirgin da ya dare a kan dutse asara ce ga mai kaya da baitulmali baki ɗaya. A 1868 ya kafa sashen kula da harkokin teku, aka ware masa kashi bakwai cikin goma na kuɗin da jirage ke biya bisa girmansu. Da wannan kuɗi injiniya David Marr Henderson da abokan aikinsa suka jera hasumiyoyin fitila a gaɓar tekun Sin, aka sa alamomi a mashigan koguna, aka tsara aikin jagororin jirage da wuraren tsayawa. Hukumar ta ɗauki likitoci a tashoshi domin sa ido kan annoba, kuma ɗaya daga cikinsu, Patrick Manson, a Xiamen ne ya gano a ƙarshen shekarun 1870 cewa sauro na ɗaukar tsutsar da ke haddasa tundurmi, binciken da ya share fagen gano yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa. A 1873 aka kafa sashen ƙididdiga a Shanghai, mai buga alƙaluman shige da ficen kaya na kowace tasha, waɗanda ɗan kasuwa ke dubawa kafin ya yi oda, masana tarihi kuma ke dogaro da su har yau. A 1896 aka ɗora wa Hart nauyin kafa gidan waya na ƙasa.

Sakamakon bai ɓuya ba. Kuɗin da hukumar ke ƙiyastawa ya tashi daga kimanin tayil miliyan 8 a tsakiyar shekarun 1860 zuwa sama da miliyan 30 a farkon ƙarni na 20, tashoshi kuma suka haura arba'in. Wannan shi ne kuɗin shiga mafi tabbas da daular Qing ke da shi, da shi ta riƙe makarantar koyar da harsuna ta Beijing da ofisoshin jakadancinta na farko a ƙasashen waje. Amanar da aka ba Hart ta wuce ta kwastam. A lokacin yaƙin Sin da Faransa, Faransawa sun kama wani jirgin hukumar mai kai kaya ga hasumiyoyin fitila, sai Hart ya tura wakilinsa na Landan, James Duncan Campbell, zuwa Faris da sunan neman a saki jirgin, a ƙarƙashin wannan inuwa kuma aka ƙulla sulhun watan Afrilu na 1885. A wannan shekara Birtaniya ta ba shi muƙamin jakadanta a Beijing, amma daga bisani ya zaɓi ya ci gaba da zama a kujerarsa ta kwastam.

Sai dai adalci ya wajabta a juya ɗaya gefen kwabon. Cikin manyan hajojin da wannan hukuma mai tsabta ke ƙiyasta wa fito akwai ofiyam, guba da ta nakasa miliyoyin Sinawa, wadda aka halatta shigo da ita a 1858 bisa biyan tayil 30 a kan kowane nauyi na kimanin kilo 60. Da fasa-ƙwaurinta daga Hong Kong da Macau ya yi ƙamari, aka amince a 1885 cewa kwastam ta riƙa karɓar tayil 110 gaba ɗaya a bakin ruwa, a madadin fito da harajin cikin gida. Domin toshe kafar, Hart ya nemi haɗin kan mahukuntan yankunan biyu, aka buɗe ofisoshin kwastam a Kowloon da Lappa a 1887. Ladan da Fotugal ta karɓa a kan haɗin kan nata shi ne amincewar ƙasar Sin da zamanta na dindindin a Macau, kuma wakilin Hart ne ya sa hannu a kan matakin farko na yarjejeniyar a Lisbon. An kare kuɗin shiga, amma da ƙasa aka biya, kuma Macau ba ta koma hannun Sin ba sai a 1999.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Ingancin hukumar shi ne ya mayar da ita jingina mafi daraja a idon masu ba da bashi. Bayan da Japan ta ci ƙasar Sin a 1895 ta ɗora mata diyyar tayil miliyan 200, basussukan da aka ciwo daga bankunan Turai domin biya an jingine su ne a kan kuɗin kwastam. A 1898 Birtaniya ta karɓi alkawarin cewa ɗan ƙasarta ne zai riƙa shugabantar hukumar muddin cinikinta ya fi na kowa. A 1901 aka ƙara ɗora diyyar tayil miliyan 450, da za a biya cikin shekara 39 da ruwa, ita ma a wuyan kwastam. Ga shi kuma ƙasar ba ta da ikon ƙara kuɗin fito ko da kaɗan sai da yardar ƙasashen da ke sayar mata da kaya, saboda haka ba ta iya kare masaƙanta da maƙeranta. Rijiya ta ba da ruwa, amma guga na hannun wasu.

Abu na uku laifin Hart ne shi kansa. Duk da cewa ya sha bayyana cewa wata rana hukumar za ta koma hannun masu ƙasa, a tsawon mulkinsa babu Basine ko ɗaya da ya kai muƙamin kwamishinan tasha, alhali Sinawa su ne mafi yawan ma'aikata, su ne magatakarda da masu awo da matuƙan kwale-kwale. Makarantar horar da su manyan ayyuka ba a buɗe ta ba sai a 1908, shekarar da ya bar ƙasar. Ya riƙe naɗi da ƙarin girma da sauyin wurin aiki a tafin hannunsa shi kaɗai, ya kuma ɗaukaka ƙanensa James Hart da surukinsa Robert Bredon, abin da ya jawo masa zargin son kai daga ma'aikatansa. Ta wani ɓangaren kuma, 'yan kasuwar Birtaniya da ke Shanghai sun sha zarginsa da fifita Sinawa a kansu. Wanda ya tsaya tsakanin ɓangarori biyu dama ba ya rasa jifa ta gaba da ta baya.

A 1900 tawayen ƙin baƙi da Turawa suka laƙaba wa suna na 'Yan Dambe ya iso Beijing. Aka ƙone gidan Hart da ofishinsa da takardun shekaru masu yawa, littattafan da yake rubuta al'amuran yau da kullum ne kawai aka tsirar, suna nan ajiye a jami'arsa ta Belfast. Ya shafe kwana 55 a cikin unguwar jakadu da aka yi wa ƙawanya, yana da shekara 65, har jaridun Turai suka ba da labarin an kashe su duka. Da ya fito, maimakon neman fansa, sai ya rubuta maƙaloli yana gargaɗin Turawa cewa abin da suka gani somin kishin ƙasa ne, kuma jikokin waɗannan 'yan tawaye za su dawo da makamai na zamani su karɓi duk abin da aka ƙwace musu. Mutanensa da yawa suka ce tsufa ne ya kama shi. A 1906 gwamnatin Sin ta kafa wata majalisa ta 'yan ƙasa a saman hukumarsa, alamar cewa zamani ya juya. Ya bar Beijing a watan Afrilu na 1908 da sunan hutu, ya mutu a Ingila ranar 20 ga Satumba, 1911. Bayan kwana ashirin juyin juya halin da ya kawar da daular Qing ya ɓarke.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da fargabar masu kishin ƙasa. A cikin ruɗanin juyin juya halin, magajinsa Francis Aglen ya karɓe tara kuɗin da kansa, ana zuba su a bankunan Turawa, a biya masu bin bashi tukuna sa'annan gwamnati ta sami ragowa. Katangar da ta raba mai ƙiyastawa da mai karɓa ta rushe ke nan. Ƙasar Sin ba ta dawo da ikon yanka kuɗin fitonta ba sai tsakanin 1928 da 1930, kuma baƙi ba su bar shugabancin hukumar ba sai bayan nasarar 'yan gurguzu a 1949. Gunkin Hart da aka kafa a bakin kogin Shanghai a 1914, sojojin Japan suka tumɓuke shi a lokacin yaƙin duniya na biyu. Shekaru da dama ana koyar da ɗaliban Sin cewa shi ɗan koren mulkin mallaka ne, daga baya kuma wasu masanansu suka koma nazarin yadda ya gina hukumar da cin hanci ya yi wa wuyar shiga. Dukkan hukunce-hukuncen biyu suna da ƙamshin gaskiya.

Duniya ta sake waiwayar wannan batu bayan harin 11 ga Satumba, 2001, lokacin da aka fahimci cewa babu hukumar da za ta iya buɗe kowace kwantena ba tare da ta tsayar da cinikin duniya cak ba. Amurka ta ƙirƙiro shirin ƙawance tsakanin kwastam da kamfanoni a ƙarshen wannan shekara, sa'annan a watan Yuni na 2005 Ƙungiyar Kwastam ta Duniya ta amince da wani tsari na tsare ciniki da sauƙaƙa shi, wanda aka fara gina shi a kan ginshiƙai biyu: haɗin kai tsakanin kwastam da kwastam, da haɗin kai tsakanin kwastam da 'yan kasuwa. Daga nan aka sami matsayin amintaccen ɗan kasuwa, wato kamfanin da ya buɗe littattafansa, ya tsare sitonsa da motocinsa da ma'aikatansa, shi kuma a saka masa da saurin sakin kaya da ƙarancin bincike, jami'ai su tattara ƙarfinsu a kan kayan da ake tuhuma. Na'urori sun sauya, amma ruhin abin shi ne wanda Hart ya yi aiki da shi: bayani tun kafin sauke kaya, ƙa'ida sananniya, hanyar ɗaukaka ƙara, da riba ga mai gaskiya.

Wannan tarihi bai yi nisa da mu ba. Guangzhou, inda Hart ya fara aikin kwastam, nan ne 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Sabon Gari ke zuwa sayo kaya. Nijeriya ma ta ɗanɗana dogaro da baƙi a wannan fanni, domin tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin waje ke duba mata kaya kafin a loda su, daga 2006 aka koma duba su bayan sun iso, kuma sai a ƙarshen 2013 hukumar kwastam ta karɓi aikin gaba ɗaya. Mozambik kuwa a 1997 ɗungurungum ta miƙa tafiyar da kwastam ɗinta ga wani kamfanin Birtaniya na tsawon shekaru. Ƙasa ba ta kai wa ga haka sai amana ta ƙare tsakanin jami'anta da 'yan kasuwarta.

Darasin da ke cikin rayuwar wannan Bature shi ne cewa abin da ya yi ba tsafi ba ne, kuma ba halin wata launin fata ba ne. Ya biya ma'aikaci abin da zai ishe shi, ya hukunta shi idan ya ci amana, ya raba mai ƙiyasi da mai karɓar kuɗi, ya bayyana lissafi ga kowa, ya sa mai gaskiya ya ga amfanin gaskiyarsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin 'yan ƙasa. Jami'in da ke tsare kayan mai takardu cikakku har sai ya ga na goro, da attajirin da ke rubuta atamfa a matsayin tsumma, su biyun aiki ɗaya suke yi: suna kashe mai gaskiya, suna buɗe wa mugun kaya hanya, suna kuma gayyato ranar da mai bin bashi zai ce a ba shi mabuɗin ƙofa ya riƙe. Ƙasar Sin ta yi kusan shekara ɗari kafin ta karɓo nata mabuɗin. Allah Ya ba shugabanninmu da jami'anmu da 'yan kasuwarmu ikon riƙe namu da amana, amin.